Likita ta ce ƙwayoyin cuta sun shiga jinin Baba, Baffa kuma ya ce mu kai shi gida

'Yar Mai Hatsi ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga bakin gadon asibiti nake rubuto wannan, ku yi mini uzuri in maganar ta zo a hargitse.

Mahaifinmu ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, shekararsa 67, kuma ya daɗe da ciwon suga. Yana shan magani, amma in kasuwa ta ɗauki zafi sai ya manta. Kwanakin baya ana sauke buhunan masara daga tirela, ƙusa ta huda silifas ɗinsa ta shiga tafin ƙafa. Wallahi bai ji ba. Sai da ya zauna alwalar magariba ya ga jini a takalmin. Ya wanke da ruwan buta, ya ɗaure da ƙyalle, washegari ya koma rumfa.

Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe shi, da rawar sanyin da har gado ke motsi. Ƙanena ya kai shi kyamis, aka ce maleriya ce da taifot, aka yi allurai aka haɗo shi da kafso. Ya ɗan warware, sai abin ya dawo ya fi na farko. Ranar da muka kwaso shi zuwa asibiti, Umma ce ta tashe shi sallar asuba, ya buɗe ido ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun muna yara, yana ta ƙirga buhunan da babu su. Numfashinsa sama-sama, tafin hannunsa sanyi ƙalau alhali goshinsa zafi rau, Umma kuma ta ce tun jiya da rana bai yi fitsari ba.

A sashen gaggawa aka auna jininsa aka samu 85 bisa 50, mutumin da kullum a kan hawan jini ake yi masa faɗa. Nan da nan suka ɗaura masa ruwa, suka ɗebi jini suka zuba a wasu kwalabe masu ruwa a ciki, suka sa masa robar fitsari, suka fara allura ta jijiya. Likitar ta ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga jininsa, kuma tana zargin daga ƙafar suka taso.

Alhamdulillahi yanzu zazzaɓin ya sauka, yana gane mu, yau har ya sha kunun gyaɗa ya nemi rediyonsa. To a nan rigimar ta taso. Baffa, yayan Baba, ya ce tunda ya farfaɗo a sallame shi ya ƙarasa da ƙwayoyin magani a gida, kuɗi na ta zurarewa, rumfa kuma a rufe. Likita ta ce ko kusa, ana jiran sakamakon jini, kuma alluran za su iya kaiwa mako biyu ko fiye.

Don Allah masu sani ku fahimtar da ni. Ta yaya ciwon tafin ƙafa zai kai ga mutum ya daina gane matarsa? Abin yana yaɗuwa ne, tunda Umma a kwano ɗaya suke ci kuma jikoki na hawa jikinsa? Wata gwaggonmu ta ce in jini ya lalace ƙarin jini ake yi, me ya sa ba su yi masa ba? Sannan babbar tambayata: maganar Baffa za mu bi ko ta likita? Ni ce babba a ɗakinmu, amma mace ce ni, sai da hujja a hannu za a saurare ni.

Nas Mai Aikin Dare ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Na daɗe ina aiki a ɗakin kwanciyar maza, irin labarin nan naku ba baƙo ba ne a wurinmu. Bari in fara da amsar da kika fi buƙata: kada ku fitar da shi. Saukar zazzaɓi alama ce maganin ya fara kama ƙwayar, ba alama ce ta mutu ba.

Jinin mai lafiya ba ya ɗauke da bakteriya. Takan ɗan leƙa ciki jefi-jefi, ko wajen goge haƙori in dasashi ya yi jini, amma fararen ƙwayoyin jini da hanta da saifa sukan share ta cikin ɗan lokaci, mutum bai ma sani ba. Matsala tana farawa ne in akwai wani wuri a jiki da ƙwayar ta samu zama tana hayayyafa tana tura 'ya'yanta cikin jini ba ƙaƙƙautawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙusar nan ita ta tsaga bangon. Ciwon suga kuma ya yi mata aiki uku. Ya kashe jijiyoyin ji na ƙafa, shi ya sa Baba bai ji sukar ba. Ya ƙuntata hanyoyin jini, don haka ciwon ba ya samun abin da zai warke da shi. Sannan suga in ya yi yawa, fararen ƙwayoyin jini ba sa yaƙi yadda ya kamata.

Rikicewar da kika gani ba ƙwayar ce ta hau kansa ba lallai. Jiki ne ya tashi yaƙi da dukkan ƙarfinsa har ya wuce gona da iri. Hanyoyin jini suka saki suka buɗe, ruwa ya riƙa tsiyaya daga cikinsu zuwa nama, sai ƙarfin bugun jini ya faɗi. Ƙwaƙwalwa ba ta samun isasshen jini, ga sambatu. Ƙoda ba ta samu, ga ɗaukewar fitsari. Wannan halin shi muke kira sefsis, kuma 85 bisa 50 ga mai hawan jini lamba ce mai ban tsoro. Kun kawo shi a kan gaɓa.

Batun yaɗuwa, ki kwantar da hankalin Umma. Ba a ɗauka ta kwano ko ta zama kusa. Abin kiyayewa shi ne mugunyar da ke fita daga ciwon: duk wanda ya taɓa bandeji ko zanin gadon da ya ɓaci ya wanke hannu da sabulu, yara kuma a bar su a gida, ɗakin marasa lafiya ba wurinsu ba ne. Ƙarin jini kuwa na wanda jinin jikinsa ya yi ƙaranci ne. In an ƙara wa Baba leda goma, sabon jinin zai tarar da ƙwayar tana nan, ita ma ta shige shi. Za su riƙa duba yawan jininsa, in ya sauka za su faɗa muku da kansu.

Tunda ke ce a bakin gado, ga aikin da za ki iya yi wanda zai taimake mu. Kullum ki duba inda aka sa kanula a hannunsa. In wurin ya yi ja, ya kumbura, ko Baba ya ce yana masa zafi in ana tura magani, ki faɗa a canja wuri, domin kanular kanta ƙofa ce da ƙwayar cuta ke bi. Ledar fitsari ta zauna ƙasa da gado amma kada ta taɓa daɓe, kuma kada a ɗaga ta sama da mararsa in ana juya shi, fitsarin zai koma ciki. Duk safiya in likitoci sun zo zagaye ki tambaya ko har yanzu ana buƙatar robar. Ba raini ba ne, mu ma muna so a cire ta da zarar aikinta ya ƙare. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta lokacin kowace allura. Wani maganin duk awa 6 ake yinsa, in ya ƙare a hannunku da tsakar dare aka tsallake, ƙwayar ce ta samu hutu. Ku riƙa sayen na gobe tun yau.

Abu uku kuma in kin gani ki kira mu ko ƙarfe nawa ne: ya koma sambatu ko barcin da ba ya tasuwa, numfashinsa ya kai 22 ko fiye a minti ɗaya in kin ƙirga da agogon waya, ko lambar sama ta awon jini ta sauka zuwa 100 ko ƙasa. Ki kuma tambaya ko an yi masa allurar tetanus, tunda ƙusa ce. A cikin rububin ceto rai akan manta da ita.

Baban Yara Na Kurna ya rubuta:

Allah ya sawwaƙe, ya tashi kafaɗunsa. Ni dai ba likita ba ne, amma ina ganin a yi wa Baffa adalci. Wanda bai taɓa jinya ba bai san yadda kuɗi ke narkewa a asibiti ba: kuɗin gado, kuɗin ruwa, kuɗin gwaji, abincin masu jinya, kuɗin mota safe da yamma. Dattijon nan ba ƙin ɗan'uwansa yake ba, lissafin gidan yake yi. Me zai hana a rubuta alluran, a samu ma'aikacin lafiya a unguwa ya riƙa zuwa gida yana yi masa? Maƙwabcina haka aka yi masa da ya yi taifot, kuma ga shi nan garau. Sista, ki gaya mana gaskiya, mene ne bambancin?

Ɗan Ɗakin Gwaji ya rubuta:

Malam Baban Yara, tambayarka a kan hanya take, kuma maganar kuɗi ba abin rainawa ba ce. Bambancin shi ne har yanzu ba wanda ya san sunan ƙwayar da ke jikin dattijon nan. Alluran da ake yi masa yanzu na kirdado ne, irin masu kama ƙwayoyin cuta iri-iri da ake fara bayarwa don kada a zauna jira mutum ya tafi. In aka kai shi gida yau, wace allura za a rubuta?

'Yar'uwa, kwalaben da kika ga an zuba jini a ciki wurinmu suke zuwa. Ruwan da ke ciki abincin bakteriya ne. Mukan ajiye su a ɗumi daidai da na jikin mutum, mu jira ƙwayar ta tsiro. Yawanci cikin kwana 1 zuwa 3 take nuna kanta, in shiru ne mukan riƙe kwalbar har kwana 5 kafin mu ce babu. In ta tsiro sai mu shafa ta a faranti mu gane ko wace ce, sannan mu jera mata ƙananan faya-fayan magunguna mu ga wanne ya hana ta girma, wanne ta tsallake. Wannan ma yana cin kwana ɗaya ko biyu. Ba jan rai muke yi ba, abu mai rai ne, ba a sa shi sauri. Shi ya sa kuma muke roƙo a ɗebi jinin kafin allurar farko, kuma a ɗebi mai yawa, kamar mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babban mutum, domin ƙwayar ba ta da yawa a cikin jini yadda mutane ke zato.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kafin mara lafiya ya iso gare mu ya riga ya sha kafso kala uku an yi masa allurar seftiriyazon a kan benci. Maganin bai isa ya kashe ƙwayar ba, amma ya isa ya hana ta tsirowa a kwalba. Sai sakamako ya fito babu komai, mutum kuwa yana ta ƙonewa. Don haka ki tattaro duk fankon magungunan da aka ba Baba a kyamis ki nuna wa likita.

Sai maganar "maleriya da taifot" da ta zama waƙa a bakin kowa. Gwajin Widal da ake dogara da shi tun 1896 yake, kuma ba ƙwayar yake gani ba, martanin jiki yake aunawa. A ƙasar da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da dangin ƙwayar taifot, lafiyayyen mutum ma zai iya nuna lamba mai yawa. Taifot na gaskiya shi kansa shigar bakteriya cikin jini ne, Salmonella Typhi, kuma da irin wannan kwalbar ake tabbatar da shi. Sau da yawa wanda aka ce masa taifot, ciwon mafitsara ne ya haura ƙoda, ƙwayar E. coli ta shiga jini. Wani nimoniya ce. Wani maruru ne ko gyambo, Staphylococcus aureus ta samu hanya. Wata kuma jego ne, mahaifa ta kamu. Kowanne da maganinsa, kowanne da tsawon kwanakinsa.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne a duniya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce a 2017 kaɗai mutum kusan miliyan 49 suka kamu da sefsis, miliyan 11 suka rasu, wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar a wannan shekarar. Wani babban bincike kuma ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. Ni a kan tebur nake ganin wannan: Klebsiella ko E. coli da za ka jera mata magunguna irin su seftiriyazon da sifuro da jentamaisin duk ta tsallake, sai meropenem, wanda kuɗinsa kaɗai kan sa a sayar da gona. Shan kafso biyu a ajiye da zarar an ji sauƙi yana cikin abin da ya kawo mu nan.

Maman Sikila ta rubuta:

Sannu da jinya 'yar'uwa. Ni ta wata ƙofar na san wannan cutar. Ɗana na biyu yana da amosanin jini, kuma tun yana jariri likitarsa ta zaunar da ni ta ce abin da ya fi kashe irin waɗannan yaran kafin shekara 5 ba ciwon ƙashin da muke gani ba ne, ƙwayar cuta ce a jini. Saifarsu takan lalace tun suna ƙanana, ita ce kuwa matatar da ke kama irin ƙwayar da ke kawo nimoniya da sanƙarau. Shi ya sa aka ɗora shi a kan fenisilin safe da yamma har ya cika 5, kuma ban bar rigakafi ko ɗaya ya wuce shi ba. Ma'aunin zafi yana cikin jakata kullum. Dokar da aka ba ni ita ce in ya kai 38.5 ba a ba shi farasitamol a kwanta a ga safiya, asibiti ake tafiya ko da tsakar dare ne. Akwai daren da ya yi wasa da yamma lafiya lau, kafin isha'i ya kwanta laƙwas, leɓensa ya yi fari. Mahaifinsa ya goya shi a babur ni ina riƙe da shi ta baya. Allah ya sa kwanansa na gaba.

Ina so in ja hankalin mata da ke karanta wannan, domin ba tsofaffi masu suga kaɗai abin ke kamawa ba. Jariri sabon haihuwa ya fi kowa haɗari, kuma cibiya ce ƙofar. Har yanzu ana gasa ta da tsumma, ana shafa man goge baki ko toka ko gishiri don ta faɗi da wuri kafin suna. Akwai man kulohekzidin na cibiya da ake bayarwa a asibiti, shi kaɗai ya isa. Haka askar wanzami ranar suna, cire beli da tsaga, in ƙarfen ya taɓa wani yaron ba a tafasa shi ba. Jaririn kuma ba lallai ya yi zazzaɓi ba, wani jikinsa sanyi zai yi. In ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ba ya motsi sai an taɓa shi, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ba maganar a jira kakarsa ta zo ta gani ba ce. Ita ma mai jegon, in zazzaɓi ya kama ta da ciwon mara, jinin biƙi ya canja wari, kada a ce ruwan wanka ne bai yi zafi ba.

A ɗakin yara na ga masu tamowa da wannan cutar, na ga waɗanda maleriya mai tsanani ta kwantar sannan wata ƙwayar ta biyo baya. A layin karɓar magani kuma na san masu wankin ƙoda da ke fama da ita ta robar da aka sa musu a wuya. Ke dai ki tsaya a kan maganar likita. In Baffa ba zai ji daga bakinki ba, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, limaminsu ko babban amininsa a kasuwa, ku zo tare.

'Yar Mai Hatsi ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sista, an yi allurar tetanus ɗin bayan na tambaya. Sakamako ya fito ɗazu, an rubuta Staphylococcus aureus a duka kwalaben. Sun canja allurar, sun sake ɗibar jini, sun ce za a yi hoton zuciya da na ƙafa, kuma likitan tiyata ya zo ya ce sai an shiga da shi an buɗe ciwon an wanke. Da Baffa ya ji kalmar tiyata sai ya miƙe tsaye ya ce ba za a yanke wa ɗan'uwansa ƙafa yana raye ba. Baba kuma ya yi shiru ya juya fuska bango. Sun kuma dakatar da ƙwayar sugansa sun koma yi masa insulin, Umma tana kuka wai in aka fara ba a dainawa. Me ya haɗa zuciya da ciwon ƙafa kuma? Kaina ya kulle.

Likitan Manya ya rubuta:

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ban ga Baba ba, waɗanda ke kansa su ne masu yanke hukunci, amma duk abin da kika lissafa shi ne abin da ni ma zan yi.

Wannan ƙwayar tana zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa ba ta yi musu komai. In ta shiga jini kuwa, tana cikin waɗanda muka fi tsoro, saboda halinta na maƙalewa. Takan bi jini ta je ta kafa a ƙofofin da ke cikin zuciya, ko a ƙashin baya, ko a gaɓa, ko ta tara mugunya a wani lungu na ciki. Hoton zuciyar don a duba ƙofofin nan ne, ba ciwo a yinsa, na'ura ce ake gogawa a ƙirji. Jinin da aka sake ɗiba kuma za a ci gaba da maimaitawa duk bayan kwana ɗaya ko biyu har sai kwalba ta fito babu komai. Daga wannan ranar ake fara ƙirga, ba daga ranar da aka kwantar da shi ba. Mafi ƙaranci kwana 14 ta jijiya, wannan in komai ya tafi daidai. In an ga ta taɓa zuciya ko ta shiga ƙashin ƙafar, magana ta koma mako 4 zuwa 6. Da E. coli ce daga mafitsara, mako ɗaya kan wadatar ga wanda ya murmure da wuri, har a ƙarasa da na sha. Wannan ita ce amsar Malam Baban Yara: ba kowace ƙwaya ake yi wa kwanaki iri ɗaya ba, kuma wannan in aka yanke mata magani da wuri takan yi lamo ta dawo bayan makonni, a lokacin ta riga ta ci ƙofar zuciya. Jinyar farko ta fi ta biyu araha nesa ba kusa ba. Akwai marasa lafiyar da mukan bari su ƙarasa allura daga gida, amma sai jini ya wanke, an gyara tushen ciwon, kuma da tsarin dawowa gwaji.

Yanzu maganar tiyata, wadda a ganina ita ce mafi muhimmanci a duk abin da kika rubuta. Magani ta jini yake tafiya. Mataccen nama da tarin mugunya jini ba ya isa gare su, don haka ko allurar da ta fi kowace tsada ba za ta shiga can ba. Muddin suna nan, ƙwayar na da mafaka, kuma za ta ci gaba da komawa jini. Abin da likitan tiyata ya faɗa shi ne a buɗe, a fitar da mugunya, a kankare naman da ya mutu, a bar mai rai. Wannan ba yanke ƙafa ba ne, shi ne hanyar tsira da ita. Ba zan ɓoye miki ba, wani lokaci in an buɗe akan tarar ƙashin yatsa ya ruɓe sai an cire shi, kuma ba za a yi hakan ba sai da izinin Baba. Amma ƙafafun da na ga an rasa gaba ɗaya, yawancinsu na waɗanda suka sa hannu suka tafi gida ne suka dawo bayan baƙin ya haura idon sawu. Tsoron Baffa tsoron ƙauna ne, kada ki yi jayayya da shi a gaban mutane. Ki roƙi likitan tiyata ya ba ku minti goma, Baffa da Umma da ke a gaban Baba, ya nuna hoton ƙafar, ya faɗa da Hausa abin da zai cire da abin da zai bari. Baba yana cikin hankalinsa yanzu, ƙafarsa ce, a tambaye shi kai tsaye. Juya fuskar nan da ya yi, ina zaton ba wanda ya yi masa bayani shi kansa.

Ki gaya wa Umma insulin ba ɗaurin rai da rai ba ne. Irin wannan rashin lafiya yana harba suga sama, ƙwayar suga irin metformin kuma ba a son ta lokacin da ƙoda ta jigata. Da yawa sukan koma ƙwayar sugansu bayan sun warke, gwajinsa ne zai nuna. Batun kuɗi kuma, manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin jin ƙan marasa lafiya, ki tambayi nas mai kula da ɗakin ta nuna miki. Ki kuma tambayi mai ba da magani ko akwai irin allurar ta wani kamfani mai rajistar NAFDAC da ta fi sauƙin kuɗi.

Bayan sallama kada ku yi mamaki in ya daɗe da kasala, ko mantuwa, ko rashin son abinci. Wanda ya fito daga sefsis yakan ɗauki watanni kafin ya koma yadda yake. Amma cikin wata uku na farko, in zazzaɓi ya dawo, ko sabon ciwon baya mai tsanani, ko wata gaɓa ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ku koma asibiti da takardar sakamakon nan a hannu, kada a bi ta kyamis.

Abu ɗaya nake so ki duba mini. A ƙasan sunan ƙwayar akwai jerin magunguna, kowanne da harafin S ko R a gabansa. Ki nemi inda aka rubuta cefoxitin ko oxacillin. In S ne, kuloksasilin da danginsa za su yi aiki, kuma su ne suka fi kashe ta. In R ne, irin mai taurin kan ce, sai an koma bankomaisin, a riƙa auna ƙodarsa a kai a kai. Ki rubuto abin da kika gani, da sunan allurar da suka koma yi masa.